Boris Becker: ƙuruciya ba ta wanke laifin magidanci

Duk lokacin da aka tayar da zancen Boris Becker, a Jamus ko a Ingila, akwai maganar da ba ta ɓacewa a bakin masu tausaya masa. Wai ɗaukaka ce ta zo masa da wuri: ya ci gasar tanis ta Wimbledon yana ɗan shekara 17, tun daga ranar kuma bai sake samun wanda zai dube shi ya ce masa "bari" ba. Shi ma da bakinsa ya sha faɗin cewa nasarar ta riske shi yana yaro ƙwarai. Da wannan ake so a wanke mutumin da wata kotun Landan ta ɗaure a 2022 saboda ya ɓoye dukiya ga masu binsa bashi. Ni dai wankin bai gamsar da ni ba. Ina ganin alƙaliyar da ta tura shi gidan yari ta yi daidai, ina kuma ganin masu son a toshe masa hanyar cin abinci bayan ya fito su ma sun wuce gona da iri.

Sai an san girman abin da ya yi kafin a gane dalilin da ya sa mutane ke nema masa uzuri. An haife shi a watan Nuwamban 1967 a Leimen, wani ƙaramin gari kusa da Heidelberg, a lokacin da Jamus ke rabe gida biyu. Mahaifinsa mai zanen gine-gine ne, shi ne ma ya gina filin tanis ɗin da yaron ya fara riƙe raket a cikinsa. Da ya isa Wimbledon a 1985, ba ya cikin jerin 'yan wasan da aka ware a matsayin gwanaye. A zagaye na uku da ƙyar ya sha a hannun Joakim Nyström na Suwidin, sai da suka kai turmi na biyar ya ƙwace da 9 da 7. A zagaye na huɗu ya gurɗe a idon sawu yana karawa da Tim Mayotte, har ya kusa miƙa hannu ya ce ya haƙura, aka ɗaure ƙafar ya koma fili ya ci. Ranar 7 ga Yuli ya haɗu da Kevin Curren a wasan ƙarshe, mutumin da ya riga ya yi waje da John McEnroe da Jimmy Connors a wannan gasar, ya doke shi da turmi uku da ɗaya. Kafin ranar babu namijin Jamus da ya taɓa ɗaukar wannan kofi, babu kuma wanda ya taɓa ɗaukarsa daga wajen jerin gwanaye. Har yau ba a sami namijin da ya ci Wimbledon da shekarun da suka gaza nasa ba.

Wanda ya ga hotunan wasan ba ya mantawa da rigarsa. Doka ce a Wimbledon a sa fararen kaya, amma Becker kan gama wasa da ƙasa a kafaɗa da gwiwa da gefen wando, domin ƙwallon da wani zai bari ta wuce shi tashi yake yi sama ya miƙe sambal kamar mai tsaron gida, ya taɓo ta da bakin raket, ya faɗi tim, ya miƙe ya sake tsayawa gaban raga. Bugunsa na buɗe wasa kuwa shi ya sa 'yan jarida suka laƙaba masa "Boom Boom". Yakan yi ta rausaya gaba da baya kafin ya cilla ƙwallon sama, ya durƙusa sosai, sannan ya sake ta. Ko a bugu na biyu, inda kowa ke lallaɓawa don gudun asara, shi sau da yawa da ƙarfi yake sakewa.

Abin bai tsaya nan ba. Ya sake cin Wimbledon a 1986 a kan Ivan Lendl, da 1989 a kan Stefan Edberg, ya kai wasan ƙarshe sau 7 gaba ɗaya. Ya ci babbar gasar Amurka a 1989, ta Ostireliya a 1991 da 1996. Ya hau matsayi na ɗaya a duniya a farkon 1991. Kofi 49 ya ɗauka shi kaɗai, ya kawo wa Jamus ta Yamma kofin Davis a 1988 da 1989, ya ci zinare a wasannin Olamfik na Barcelona a 1992 tare da Michael Stich. Gasar Faransa ce kawai ta gagare shi cikin manyan huɗun nan, domin a filin jar ƙasa ƙwallo ba ta gudu, haƙuri ake so, shi kuwa bai taɓa cin kofi ko ɗaya shi kaɗai a irin wannan filin ba. Ladan wasa kaɗai ya tara kusan dala miliyan 25, ban da kuɗin talla. A Jamus, inda da ake kallon tanis wasan 'ya'yan masu hali, kulob-kulob suka cika maƙil har masu rajista suka haura miliyan 2.

Akwai kuma abin da nake girmama shi a kai wanda bai shafi raket ba. A 1993 ya auri Barbara Feltus, wadda mahaifinta baƙar fata ne Ba'amurke, a daidai shekarun da 'yan wariyar launin fata ke cinna wa gidajen baƙi wuta a Rostock da Solingen. An zage su, an yi musu barazana, bai ɓoye ta ba, bai kuma yi shiru ba. Mutumin da dukan ƙasa ke kira "Boris namu" ya san abin da zai iya rasawa, ya tsaya.

To, mene ne gaskiya a cikin uzurin ƙuruciyar? Akwai, kuma ba kaɗan ba. Yaro ne da ya bar makaranta yana wajen shekara 16 ya bi manajansa Ion Țiriac, ɗan Romaniya, da mai horar da shi Günther Bosch. Aka mai da mazauninsa Monako, inda ba a karɓar harajin kuɗin shiga. Tikitin jirgi, ɗakin otal, kwangila, takardar haraji, duk wani ne ke riƙe da su. Aikinsa ɗaya ne, ya buga ƙwallo. Wanda ya tashi a haka zai iya kai shekara 30 bai taɓa zama ya karanta takardar banki daga farko zuwa ƙarshe ba. Ga kuma nauyin ƙasa guda a wuyansa. Da Peter Doohan, wani ɗan Ostireliya da ba a san shi sosai ba, ya fitar da shi a zagaye na biyu a Wimbledon ta 1987, sai da yaron ɗan shekara 19 ya tuna wa 'yan jarida cewa wasa ya faɗi, ba yaƙi ba, kuma babu wanda ya mutu. A ce yaro ne ke kwantar wa manya da hankali a ranar da shi aka kayar, ai an san inda matsalar take. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Björn Borg, wanda ya ci gasar Faransa yana shekara 18, shi ma kasuwancinsa ya durƙushe bayan ya bar fili.

Sai dai a tsallaka 'yan kilomitoci daga Leimen zuwa Brühl, garin Steffi Graf. Tun suna yara suke haɗuwa a wajen atisaye. Ta shiga sahun ƙwararru tana shekara 13, ta ci manyan gasanni huɗu da zinaren Olamfik duk a 1988, shekarar da ta cika 19, ta tara manyan kofuna 22, ta yi mako 377 a matsayi na ɗaya. Ranar 9 ga Yulin 1989 ita da Becker suka ɗaga kofin Wimbledon rana ɗaya. Ita ma hasken kyamara bai bar ta ta yi ƙuruciya ba, ita ma wani ne ke riƙe mata kuɗi, kuma wanda ke riƙewar, mahaifinta Peter Graf, kotu ta ɗaure shi shekara 3 da wata 9 a 1997 saboda ƙin biyan haraji a kan kuɗinta. Wace jarrabawa ce ta fi wannan? Ta karɓi ragamar harkokinta, ta kafa gidauniyar taimaka wa yaran da yaƙi ya ɗaiɗaita, ta ajiye raket a 1999, shekarar da Becker ma ya ajiye, ba a sake jin sunanta a shari'ar haraji ba. Mats Wilander ya ci gasar Faransa a 1982 yana shekara 17. Michael Chang ya ci ta a 1989 da shekarun da ba su kai na Becker ba. Babu ɗayansu da aka gurfanar kan ɓoye dukiya. Idan cin babban kofi a shekara 17 ne ke kai mutum kurkuku, da ba shi kaɗai ya shiga ba.

Abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne an taɓa ja masa kunne, kuma da babbar murya. A Oktoban 2002 wata kotu a Munich ta same shi da laifin kauce wa haraji na kusan yuro miliyan 1.7, domin a farkon shekarun 1990 yana cewa Monako yake zaune alhali yana da masauki a Munich. Aka yanke masa ɗaurin shekara 2 na je-ka-gyara-halinka, da tara. Shekarunsa 34 a lokacin, magidanci ne mai 'ya'ya. Ko da a ce kafin ranar bai san cewa sa hannu a takarda yana da haƙori ba, daga ranar ya sani. Duk abin da ya biyo baya na babban mutum ne da aka riga aka nuna wa ƙofar gidan yari aka ce ya koma gida.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba kuma don bashi aka ɗaure Becker ba. Wannan wuri ne da mutane da yawa ke ruɗewa. A Yunin 2017 wata kotun Landan ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye, bisa ƙarar wani banki mai suna Arbuthnot Latham da ke binsa fiye da fam miliyan 3, rancen da ya shafi katafaren gidansa na tsibirin Mallorca a Sifaniya. Da sauran masu bin bashi suka fito, jimillar ta doshi fam miliyan 50. Dokar karayar arziki a Ingila, in aka duba, rangwame ce ga wanda ake bi. Yarjejeniya ce: ka baje duk abin da ka mallaka a gaban amintattun da aka naɗa, su sayar su raba wa masu binka gwargwadon abin da ya samu, yawanci bayan shekara guda a sallame ka, ragowar bashin ya faɗi, ka fara sabuwar rayuwa. Sharaɗin ɗaya ne tak, kada ka ɓoye komai. Masu bin bashi sun haƙura da haƙƙinsu ne bisa amanar cewa abin da aka nuna musu shi ke nan. Wanda ya karɓi rangwamen ya kuma tura wani abu ƙarƙashin gado, ya ci amanar tsarin da dubban ƙananan 'yan kasuwa ke dogaro da shi, waɗanda ba su da kofi ko ɗaya da za su nuna wa alƙali.

Kafin a kai ga shari'ar ma an yi wani abu da har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya. A 2018 lauyoyinsa suka shaida wa kotu cewa ba ta da hurumin taɓa shi, domin wai jami'in diflomasiyya ne na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, mai kula da harkokin wasanni da al'adu da jin ƙai a Tarayyar Turai. Har da fasfo. Ministan harkokin wajen ƙasar na lokacin, Charles-Armel Doubane, ya fito ya ce bai sa hannu a wannan takarda ba, hukumomin Bangui suka ce fasfon na jabu ne, yana cikin waɗanda aka sace ba a rubuta komai a kansu ba a 2014. Becker ya ce shi daga hannun jakadan ƙasar a Brussels ya karɓa, kuma akwai hotonsa da Shugaba Faustin-Archange Touadéra. A ƙarshen shekarar ya janye da'awar. Ko da a ce takardar ta gaske ce, a duba tsarin abin: ƙasar da ke cikin mafi talauci a duniya, wadda yaƙin basasa ya raba ɗimbin mutanenta da gidajensu, ita ce za ta zama garkuwar attajirin Turai daga bankin Landan. Masu cewa "ai yaro ne da aka ɓata" su faɗa mini wane yaro ne ke tsara irin wannan. Ɗan shekara 50 ne, da lauyoyi a gefensa. Su ma jami'an da ke rabon irin waɗannan muƙamai kamar goron biki suna da nasu kason na abin kunyar, amma wannan zance ne na wata rana.

A 2019 aka yi gwanjon kofuna da lambobin yabo da agogunansa, aka tara kusan fam dubu 700, abin da bai kai cikin cokali ba a bashin. Sannan a 2022 aka zo kotun Southwark da ke Landan. Tuhuma 24 aka yi masa. Masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi daga 20, har da duk waɗanda suka shafi kofunan da aka ce ya ƙi miƙawa, wanda ke nuna ba farautarsa aka fito yi ba. Huɗun da suka kama shi kuwa ba su da sarƙaƙiya: ya fitar da kusan yuro dubu 427 daga asusun kasuwancinsa zuwa asusun wasu mutane bayan an ayyana karayarsa, bai bayyana wani gida da ya mallaka a Leimen ba, ya ɓoye rancen yuro dubu 825 da ke kan gidan, ya kuma ɓoye hannun jari dubu 75 a wani kamfanin fasaha. Kariyarsa ita ce tsohuwar waƙar nan, cewa mashawarta ne ke kula da komai, shi bai san takardu ba. A wannan shari'ar ne aka ji cewa gidan da yake haya a unguwar Wimbledon fam dubu 22 ne a wata. Ranar yanke hukunci ya shigo kotu da naktaye mai ratsin kore da shunayya, launin kulob ɗin Wimbledon. Mai shari'a Deborah Taylor ta ce ta yarda ya sha wulaƙanci, amma ba ta ga nadama ko ƙanƙan da kai a tare da shi ba, ta kuma tuna masa da gargaɗin 2002 da bai ɗauka ba. Ta ba shi shekara 2 da rabi.

An fara kai shi gidan yarin Wandsworth, wanda tsakaninsa da filin da ya yi suna tafiyar 'yan mintuna ce a mota, daga baya aka mayar da shi Huntercombe, inda ake tsare baƙi 'yan ƙasashen waje. Duk shekarun da ya yi a Landan bai karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba, shi ya sa bayan wata 8 aka sake shi a Disamban 2022 aka tasa ƙeyarsa zuwa Jamus, ƙarƙashin tsarin da ke rage wa baƙi zaman kaso in za a fitar da su daga ƙasar. Wasu sun ce gata aka yi masa. Ba gata ba ne, tsari ne da ake yi wa sauran fursunoni baƙi, kuma ya zo da nasa raɗaɗin, domin an rufe masa ƙofar ƙasar da gidansa da aikinsa na sharhi a BBC suke.

Daga nan ne nake rabuwa da ɗaya ɓangaren, masu ganin bai kamata a sake ba shi makirufo ko ɗan wasa ya horar ba. Makonni kaɗan da fitowarsa tashar Eurosport ta mayar da shi sharhi a gasar Ostireliya ta 2023, aka yi ta gunaguni. Ban ga abin gunaguni ba. Hukuncin da kotu ta yanke shekara 2 da rabi ne, ba zaman banza na har abada ba. Jamusawa sun riga sun ga irin wannan: Uli Hoeneß, shugaban kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Bayern Munich, an ɗaure shi shekara 3 da rabi a 2014 kan haraji, ya fito, 'yan kulob ɗin Bayern Munich suka sake zaɓensa shugaba a 2016. Wannan ma ya fi ba ni tsoro, tunda shugabanci amanar dukiya ce. Sharhin wasa kuwa sana'a ce kamar kowace, kuma ita mutumin ya iya. Wanda yake shakka ya duba shekaru ukun da ya yi yana horar da Novak Djokovic, daga ƙarshen 2013 zuwa ƙarshen 2016. Kafin zuwansa Djokovic ya yi ta faɗuwa a wasannin ƙarshe na manyan gasanni. Tare suka ɗauki manyan kofuna 6, ciki har da na Faransa a 2016, kofin da shi Becker bai taɓa ɗagawa ba. Ilimin yadda ake tsayawa a turmi na biyar lokacin da ƙafa ke rawa ba ya gogewa don mutum ya kwana a Wandsworth. Ban da haka, duk wanda ke bin mutum bashi ya fi kowa son ya ga yana aiki.

Inda zan ja layi shi ne abin da ya shafi kuɗin mutane. Becker ya yi shekaru yana tallar wani kamfanin karta na intanet, kuma suna irin nasa har gobe yana sayar da kaya. Kamfanin zuba jari ko na caca ko na rance da zai ɗauko fuskarsa ya ce wa jama'a su amince, ya raina hankalinsu, kuma ya kamata hukumomi su sa ido. Haka duk wata kujera a hukumar wasanni da ke riƙe da baitulmali. Amma ya zauna a ɗakin sharhi ya bayyana dalilin da ya sa ɗan wasa ya buga ƙwallo ta hagu maimakon dama, ko ya tsaya bayan matashi irin Holger Rune, wanda ya horar na 'yan watanni daga ƙarshen 2023, wannan haƙƙinsa ne. A 2024 kotun Landan ta sallame shi daga ƙangin karayar arzikin bayan ya daidaita da amintattun, alƙalin ya ce ya yi iya abin da ake tsammani daga gare shi. Yanzu a Milan ta Italiya yake zaune. Idan masu Wimbledon da BBC suka ga dama suka mayar da shi kujerar sharhi, ni zan saurara, domin kaɗan ne a raye suka san wannan ciyawar kamar shi. Abin da ba zan so in ji ba shi ne mai gabatarwa ya buɗe da cewa ga mutumin da nasarar 1985 ta zalunta. A kira shi zakaran Wimbledon sau uku wanda kotu ta ɗaure kan ɓoye dukiya, sannan a tambaye shi wa yake ganin zai ci wasan.